Digirin gida, digirin waje daga gida, ko fita waje: wanne ne kwalinsa zai yi maka aiki a Najeriya?

Duk wanda ya bi titin Sakkwato ta gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru bayan fitowar sakamakon JAMB zai ga takardun talla manne a jikin shagunan fotokwafi da turakun lantarki. Wannan ta ce gurbin karatu a Kwatano, waccan ta ce digiri na biyu daga Ingila kana zaune a ɗakinka, wata kuma likitanci a Masar ko Indiya. A ƙasan kowace akwai lambar waya da kalmar da ke jan hankalin iyaye, wai "duniya ta amince da shi". Idan aka matsa wa dillalin da tambaya, sai ya kawo maganar yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, ya ce ai yanzu an buɗe iyakoki.

An buɗe wasu ƙofofin kam, amma ba wadda yake nufi ba. Kafin uba ya sayar da fili ko ma'aikaci ya ci bashin albashi, yana da kyau a san abin da waɗannan yarjejeniyoyi suka ƙunsa, sannan a auna hanyoyi uku da ke gaban ɗalibin Zariya: ya yi karatu a jami'ar gida, ya karɓi digirin jami'ar waje yana nan Najeriya, ko ya ɗauki jaka ya tafi.

Abin da aka sa wa hannu

Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995, kuma da Najeriya aka kafa ta. Tare da ita aka zo da yarjejeniyar GATS, wadda ta shafi cinikin da ba a ɗora kayansa a mota: harkar banki, sadarwa, sufuri, yawon buɗe ido, har da ilimi. A idon GATS, ilimi yana tsallake iyaka ta hanya huɗu. Ko dai darasin ya zo maka kana gida, kamar karatu ta intanet. Ko kai ka je inda yake. Ko makarantar ta zo ta buɗe reshe a ƙasarka. Ko malamin ya zo na ɗan lokaci ya koyar ya koma. Babu sabon abu a ciki. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962, shekarar da aka kafa ABU, kuma tun kafin nan akwai 'yan Najeriya da ke karatun Landan ta gidan waya. Abin da GATS ta ƙara shi ne ta mayar da wannan zirga-zirga haja, ta yi mata dokokin kasuwa.

Sai dai kowace ƙasa ita ke rubuta fannonin da ta yarda ta buɗe da hannunta, kuma ilimi yana cikin waɗanda ƙasashe suka fi ɗari-ɗari da su. Najeriya ba ta sa ilimi a jerin alkawuranta ba. Saboda haka babu wata jami'ar waje da za ta riƙe takardar WTO ta ce dole a bar ta ta buɗe a Kaduna ko Abuja. Wuƙa da nama suna hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Sashe na 7 na GATS, wanda ya yi maganar amincewa da takardun shaidar karatu, izini kawai ya ba ƙasashe su amince da na juna in sun so; bai tilasta wa kowa ba.

Haka labarin yake a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA. An buɗe sa hannu a Kigali a watan Maris na 2018, Najeriya ta sa nata a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019, aka fara ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021. Fannonin ayyuka biyar aka sa a gaba: ayyukan kasuwanci da na ƙwararru, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido da sufuri. Ilimi ba ya cikin biyar ɗin. Inda za ta taɓa mai digiri shi ne ta ɓangaren ƙwararru, wato akanta ko injiniyan Najeriya ya yi aiki a Gana ko Kenya, kuma wannan ma sai hukumomin sana'ar sun daidaita tsakaninsu. ECOWAS kuwa, tun yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga maƙwabciyar ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza. Wannan ya sauƙaƙa tafiya. Bai ce komai a kan ingancin makarantar da ka tarar a can ba.

Yarjejeniyoyin da suka yi maganar amincewa da kwali kai tsaye na UNESCO ne, ba na ciniki ba: ta Addis Ababa ta 2014 don Afirka, da ta duniya baki ɗaya ta 2019. Ko su ɗin, abin da suka nema shi ne a duba takardar baƙo da adalci, kada a ƙi ta sai in akwai bambanci mai girma. Mai dubawar dai hukumar ƙasar ce.

Wani abu da ya faru a watan Fabrairun 2024 ya isa misali. Najeriya da Birtaniya sun sa hannu a kan wata yarjejeniyar bunƙasa ciniki da zuba jari, sai aka fara sanar da cewa lauyoyin Birtaniya za su iya aiki a Najeriya. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta yi tsalle ta dire, cikin 'yan kwanaki ministar ciniki ta janye maganar. Idan lauyan Landan bai samu shiga ta wannan ƙofa ba, ɗan Tudun Wada da ya dawo da kwalin da ba a san asalinsa ba kada ya sa rai.

Hanya ta farko: zama a gida

Babbar fa'idarta guda biyu ce, kuma duka biyun suna da nauyi. Da naira ake biya, sannan kwalin ba ya buƙatar wani ya sake tantance shi kafin hidimar ƙasa ko aikin gwamnati. Ɗalibin da ya samu gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB, a kwas ɗin da NUC ta amince da shi, sunansa zai hau jerin waɗanda majalisar jami'a ta tabbatar sun kammala, ya wuce NYSC ba tare da ya taka Abuja ba. Tun 2024 kuma akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Mai karatu a waje ba ya cikin wannan rabo.

A nan ne maganar ciniki ta shafi ɗalibin da ko Kano bai taɓa wucewa ba. Ɗaya daga cikin ginshiƙan GATS shi ne, in ƙasa ta buɗe wani fanni ba tare da gindaya sharaɗi ba, to ta yi wa baƙon kamfani abin da take yi wa na gida. Asusun TETFund, wanda ake tara wa kuɗi daga harajin kamfanoni, makarantun gwamnati kaɗai yake yi wa gine-gine da horar da malamai. Da Najeriya ta buɗe ilimi ba tare da ta keɓe irin wannan tallafi ba, da baƙin makarantu sun samu bakin cewa ana nuna musu wariya. GATS ta cire ayyukan da gwamnati ke yi da ikonta na gwamnati, amma ta ce sai in ba na kasuwanci ba ne kuma ba sa gogayya da kowa. To jami'ar da ke karɓar kuɗin rajista, ga jami'o'i masu zaman kansu suna neman ɗalibai iri ɗaya da ita, a wane ɓangare take? Irin wannan rashin tabbas ne ya sa Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta fitar da sanarwar Accra a 2004, tana jan kunnen gwamnatoci kada su yi gaggawar ƙara alkawari a kan ilimi.

Illolin gida kowa ya san su. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Digirin shekara huɗu ya koma biyar ko shida, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar yafewa zai samu maimakon kakin hidimar ƙasa. Guraben likitanci, lauya da haɗa magunguna ba sa isa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a gidan ma ana faɗawa rami: gurbin da aka bayar ta bayan fage ba a CAPS ba, kwas ɗin da aka fara kafin a amince da shi, ko jami'ar da ta ɗebi ɗaliban lauya fiye da adadin da aka yanka mata, har waɗanda suka gama su yi ta jiran layin Makarantar Horar da Lauyoyi. Amincewar NUC daban, ta hukumar sana'a daban. A tambayi duka biyun, kuma kwas ɗin ake tambaya, ba sunan jami'ar kawai ba.

Hanya ta biyu: digirin waje kana gida

Wannan ce ta fi ruɗa mutane, domin abubuwa da yawa ne ake kira da suna ɗaya. A 2023 NUC ta fitar da ƙa'idojin da jami'ar waje za ta bi in tana son koyarwa a Najeriya, kuma nau'o'in sun bambanta sosai. Akwai reshe, inda jami'ar da kanta ta zo ta kafa harabarta. Akwai inda wata cibiya ta gida ke koyar da manhajar jami'ar waje, kwalin ya fito da sunan ta wajen. Akwai rabin gida rabin waje, misali shekara biyu a nan, biyu a can. Sai kuma karatu ta intanet zalla.

Tambaya ta farko ita ce, sunan wa zai fito a kan kwalin, kuma wa ke riƙe da takardar sakamakon jarrabawa? Idan cibiyar gida ta rufe, wa za ka rubuta wa bayan shekara goma lokacin da wani ma'aikaci ke neman tabbaci? Ta biyu, jami'ar tana da rajista a ƙasarta? Ana duba wannan a shafin hukumar ƙasar, ba a shafin makarantar ba. Sunan da ke ɗauke da "Amurka" ko "Landan" ba shaida ba ne. NUC ta sha fitar da jerin haramtattun jami'o'i, da yawansu da irin waɗannan sunaye suke fakewa. Ta uku, wannan haɗin gwiwa na wannan kwas ɗin, NUC ta ba shi izini a rubuce? Hoton shugabannin makarantu biyu suna musabaha ba izini ba ne.

Ko reshe na gaske ba dutse ba ne. Kasuwa ce ta kawo shi, kasuwa ke iya ɗauke shi. Jami'ar Monash ta Ostireliya ta buɗe reshe a Afirka ta Kudu a 2001, zuwa 2019 an sayar da shi ga wani kamfanin ilimi na ƙasar. Akwai masu ɗorewa, irin reshen Carnegie Mellon a Kigali da na Lancaster a Gana, amma mai biyan kuɗi ya nemi a nuna masa a rubuce abin da zai faru da shi in aka raba gari yana aji biyu.

Sai kuɗi. Mafi yawan irin wannan karatu da fam ko dala ake yanka kuɗinsa, ko da an ce ka biya da naira. Ka tsira daga kuɗin jirgi, biza da haya, amma ba ka tsira daga canji ba. Ga kuma data da wutar lantarki. Jarrabawar da ake sa ido ta kyamara ba ta san an ɗauke wuta a Sabon Gari ba, saboda haka kuɗin sola ko janareta yana cikin lissafi.

Ga wanda ya riga ya yi digirin farko da hidimar ƙasa, yana aiki, yana neman digiri na biyu a harkar kasuwanci, kwamfuta ko lafiyar al'umma, wannan hanya tana da ma'ana ƙwarai. Ko shi ma ya fara kwatanta farashin da na Cibiyar Karatu Daga Nesa ta ABU ko na jami'ar NOUN, waɗanda da naira ake biyan su kuma ba sa buƙatar tantancewa. In ƙarin girma a ma'aikatar jiha ko ta tarayya kawai ake nema, biyan fam almubazzaranci ne. Ga yaron da ya gama sakandare kuwa, a yi hattara. NYSC cikakken ɗalibi take ɗauka, masu karatun wucin gadi da na nesa bisa al'ada takardar cirewa daga hidimar ƙasa ake ba su. Kwasa-kwasan da ke buƙatar asibiti ko ɗakin gwaji kuma ba sa yiwuwa ta allo. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, hukumar likitoci ta MDCN ta fito fili ta ce ba za ta karɓi karatun likitancin da aka yi ta intanet ba.

Hanya ta uku: fita

Fita iri biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Ta kusa, wato Benin, Togo, Nijar da Gana, ita ce ta fi araha kuma ta fi haɗari, domin sauƙin shiga da ECOWAS ta kawo shi ne 'yan kasuwar kwali suka hau. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo, kuma an gano sama da mutum 22,000 masu riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Wanda ya yi karatunsa tsakani da Allah a makarantar da ba ta cikin jerin, shi ma ruwan ya ci shi. Nijar kuma, tare da Mali da Burkina Faso, ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka mai nufin Maraɗi ko Yamai ya binciki matsayin takardun zama kafin kowane zango.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane a nan. Ɗalibi ya saba tsallake iyakar Jibiya ko Seme da katin shaida, ko a bayan babur, ba wanda ya buga masa hatimi. Shekara huɗu bayan haka, ya zo rajistar NYSC, a ce ya kawo fasfo mai nuna ranar da ya fita da ranar da ya dawo, sai ya buɗe ya ga shafukan fari fat. Karatun na gaske ne, amma ba shi da abin da zai bambanta shi da wanda ya saya. A yi fasfo tun kafin tafiyar farko, a tsaya a buga hatimi kowane shiga da fita, a adana tsohon fasfo ko ya ƙare.

Ta nesa, matsalarta ba ingancin kwali ba ce galibi. Kuɗi ne da siyasa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kuma ana samun ta ta fom A a banki. Da aka saki naira, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A ɗauka kuɗin makaranta dala 10,000 ne a shekara: abin da uba ya lissafa naira miliyan 4.6 ya koma miliyan 15, yaro yana tsakiyar karatu. Saboda haka lissafin da ya dace shi ne na dukan shekarun, da kuɗin ƙasar da za a je, kuma in da hali a ajiye su a wannan kuɗin tun farko. Kuɗin shekara ɗaya da "Allah zai kawo na baɗi" shi ya dawo da yara da yawa gida ba kwali ba kuɗi.

Yarjejeniyar ciniki ba ta taɓa dokar shige da fice ba. GATS da kanta ta bar wa ƙasashe ikon biza. Birtaniya ta buɗe damar zama shekara biyu bayan karatu a 2021, daga 1 ga Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu na darasin aji, ba na bincike ba, zuwa da iyalansu, a 2025 kuma ta sanar da rage zaman zuwa wata 18. Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai a 2024. Ba wanda ya karya wata yarjejeniya. Ga kuma abin da ba ya cikin kowace takarda: yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa ɗaliban Arewa da yawa daga Khartum, wasu sun fito ba tare da takardar sakamakon ko zango ɗaya ba. Wanda ke waje ya riƙa karɓar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya ajiye hotonsa a imel. Tallafin gwamnati ma ya ja baya: TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, a shekarar kuma aka tsayar da tallafin musayar ɗalibai da ke kai yara ƙasashe irin su Maroko, Rasha da Hungari.

Bayan dawowa aikin bai ƙare ba. Sai an kai kwali, cikakken sakamako, takardar samun gurbi, sakamakon WAEC ko NECO da fasfo Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, tare da fassara daga wurin da aka amince da shi in takardun da Faransanci ko Larabci suke. Wanda ya tafi ba shi da kiredit biyar ɗin da kwas ɗin ke buƙata a gida, a nan asirinsa ke tonuwa. Likita sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya fara aikin koyon sanin makama. Lauya sai ya yi kashi na farko na Makarantar Horar da Lauyoyi, inda ake koyar da dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu. Injiniya sai COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. A ƙara shekara guda ko fiye a lissafin lokaci, wanda hakan ke cinye yawancin abin da aka ce an tsere wa na yajin aiki.

To wa ya dace da wacce?

Mai neman digirin farko a likitanci, lauya, haɗa magunguna, aikin jinya ko injiniya, kuma a Najeriya yake nufin aiki, gida ya fi masa, ko da zai sake rubuta JAMB ko ya bi ta IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ce ke kula da ita. Shekara ɗaya ta jira ta fi shekara shida da za a zo ana roƙon hukuma ta duba. Wanda ke hangen aiki a waje da kwalin gida, abin da zai duba ba yarjejeniyar gwamnatoci ba ce, ta hukumomin sana'a ce. A injiniya akwai yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda COREN ta samu matsayin wucin gadi a cikinta a 2023. Mataki ne mai kyau, amma matsayin wucin gadi bai kai ga amincewa kai tsaye ba.

Fita nesa ta fi dacewa da digiri na biyu ko na digirgir, musamman a fannin da ke buƙatar kayan gwajin da babu a gida, kuma da cikakken tallafi irin na Commonwealth, Chevening, DAAD ta Jamus ko PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, inda wani ne ke ɗaukar nauyin canji. Maƙwabta kuwa, sai in jami'ar tana cikin jerin da ma'aikatar ilimi ta amince da shi a shekarar da za a shiga, kuma ɗalibin zai zauna a can da gaske, ya koyi harshen, ya halarci aji.

Idan dillali ya matsa a biya kafin Juma'a kada gurbi ya ƙare, a ce masa: "Malam, rubuta mana cikakken sunan jami'ar da na kwas ɗin, za mu tambaya a NUC da ma'aikatar ilimi." A biya kuɗin makaranta cikin asusun makarantar, ba na mutum ba, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan ɗalibin kamar yadda yake a fasfo da takardar WAEC, harafi da harafi, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni.